Mazan Kabewa

Kabewar da na shuka bana a bayan ɗaki ta hau danga, ta tsallaka, har tana leƙen gidan maƙwabta. Ruwa ya yi mana kirki. Kowace safiya furanni na buɗewa, ruwan ɗorawa, kamar an jera ƙananan kwanoni bisa ganye.

Jikata Hauwa'u ta zo hutu daga Gusau inda take karatu, ta zo da wata sana'a da ban taɓa ji ba: ɗaukar hoton fure. Ba na amarya ba, ba na mai jego ba, fure. Tana da wani ɗan gilashi kamar idon kifi da take maƙala wa wayarta, sai ta durƙusa cikin raɓa ta kai wayar bakin furen kamar za ta shinshina shi. Ba ta kunna fitilar waya. Ta ce hasken Allah ya fi, amma shi ma ba kowane ba, na bayan asuba take so kafin rana ta yi ƙarfi, ko lokacin da gajimare ya rufe ta. In rana ta matsa sai ta miƙo mani faifai in tare mata, ko ta jingina farin murfin tukunya daga gefe don ya tura haske cikin furen. Iska ce abokiyar gabarta. Ganye ya ɗan motsa, sai ta yi tsaki, ta ɗauke numfashi, ta sake jira.

Shekaranjiya ta ga wani fure mai ɗan ƙulli a ƙarƙashinsa, ta miƙa hannu.

"Kaka, dubi wannan, har da ɗanta a goye."

Na buge hannun. "Sauke yatsanki. Ba a nuna ɗan kabewa da yatsa, zubewa shikai."

"To wayar fa, da nake cusa mata har cikin baki?"

"Waya ba ta da akaifa."

Ta yi ta dariya har ta zauna cikin laka, ta ce tsohuwa da camfi sai Allah. Na ce ja'ira, ki bari in kin shuka taki ki nuna ta da duka goma. Sannan ta juyo mani da wayar in ga abin da ta ɗauka. Cikin wani furen ne, ya cika fuskar wayar kamar ɗaki da anka kunna wa fitila. Ga wani ɗan turke a tsakiya, ya sha gari ruwan ɗorawa, kowace ƙwayar garin ta fito ita kaɗai kamar gero a faifai.

"Kin taɓa ganin cikinsa haka, Kaka?"

Na taɓa gani. Tun uwarta ba ta iya ɗaura zane ba.

Shekarar, ruwa ya fara da kyau, shi ya sa munka saki jiki. Muna wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu, ni da Malam maigidana, da uwarsa da kowa ke ce wa Inna, da ɗiyata ta fari, uwar Hauwa'u. Sunanta na yanka bai taɓa fita bakina ba, ɗiyar fari ce, akwai kunya. Marka muke ce mata, don cikin marka anka haife ta. Ba a daɗe da yaye ta ba, tana hannun Inna, a bayanta take wuni, a ɗakinta take kwana.

Munka yi shuka, ta tsiro. Anka yi noman fari, anka yi maimai. Gero ya kai ƙugu, ya yi ciki, sai sama ta ɗauke. Hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tukwane a bakin jinka, sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi yamma da shi, ta bar mu da ƙanshin ruwan da ya sauka a garin wasu. Maza sunka fita roƙon ruwa, sunka dawo da ƙura a goshi. Ganyen gero ya nannaɗe kamar tabarmar da za a jingine. Da azahar ƙasa na ƙuna har kaza na tafiya tana ɗage ƙafa, inuwar ma zafi gare ta.

Rumbu dama kowace damina yakan yi ƙasa, abin da ya saba ceton mu shi ne tumu, sabon geron da ake gasawa kafin girbi. Wannan karo kan ya fito ba ƙwaya. Na shiga rumbu da tsintsiya na share ƙasansa, na sheƙe, abin da na samu rabinsa kashin ɓera. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa mai launin kunu. Da asuba mu mata mu tafi rijiya, guga ya yi ta tafiya kafin a ji ya taɓa ruwa, har zanen kai munka ƙulla wa igiya. Daga rijiya mu shiga daji neman tafasa da yaɗiya, mu dawo da hantsi mu dafa, mu kwaɗa da dusa. Akwai anza mai ɗaci, wadda sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, sannan ta ciwu, kuma ko ta ciwu sai ka ji ta a maƙoshi har la'asar. Wasu mata har gidan tururuwa sunka tona, suna ƙwace mata abin da ta tara. Da yamma gari ya yi tsit. Ba ƙarar turmi ko ɗaya. Wanda bai ji garin da turmi ya yi shiru ba, bai san shiru ba.

Malam ya shiga ƙwadago a fadamun wajen Gummi, sai ranar kasuwar Bukkuyum yake dawowa da ɗan abin da ya samu a ƙasan buhu. Dawarmu ta kwari ita kaɗai ba ta mutu ba, amma dawa ba ta sauri, kuma ciki ba ya jira. Wata dawowa ya zauna ƙofar ɗakin Inna, ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke.

"Inna, gidan Ɗan Tani sun tashi. Na gabas ma jibi. Kudu anka ce ana ruwa, wajen Zuru."

"Allah shi kai su lahiya."

"Mu ma in watan ga ya mutu ba mu ga abin da zai riƙe mu zuwa dawa ba, tahiya za mu yi."

"Da wace ƙafa?" Gwiwoyinta sun daɗe da kumbura, da sanda take zagayawa, jakin kuma mun riga mun musanya shi da hatsi.

"In goya ki."

"Ni na goye ka. Ba ka goya ni ka kai ni in mutu a garin da ba a san sunan ubanka ba. Ku ɗauki yarinya ku tahi. Ku cika mani tulu, ku ja mani ƙyaure."

Duk mun san abin da tulu ɗaya ke nufi ga tsohuwar da ba ta iya kai kanta rijiya.

Abu ɗaya ne kore a gidan, kabewa. Ni na zo da irinta daga gidanmu na Gummi, kuma har yau ban ga irin da ya kai shi ba. Na shuka ta a makwarara, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi. Da ruwa ya ɗauke, duk ruwan da anka yi amfani da shi can yake zuwa, alwala ma a gindinta muke yi. Ta yi yaɗo, ta hau rumbun da ba komi cikinsa, ta lulluɓe shi kamar mai rufa masa asiri.

Kabewa fure biyu gare ta. Akwai mace, wadda ke zuwa da ɗan ƙulli a ƙarƙashinta kamar ƙwan zabo, shi ke zama kabewa. Akwai namiji, siriri mai dogon wuya, ba komi a ƙarƙashinsa, ya buɗe da safe ya yi ƙawa, da hantsi ya langaɓe. Kuma mazan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

"Waɗanga ba haihuwa sukai ba," in ji Inna. "A sa su tukunya."

Haka munka yi. Tun da yamma, kafin su buɗe, nake bi in tsinke su kaf, don rufaffe ba ƙwaro a cikinsa. In tsaga su in dafa da ɗan gishiri. Suna da ɗan zaƙi da santsi, kuma su kaɗai Marka ke haɗiyewa ba ta mayar ba. Tafasa na ɓata mata ciki, anza ko kallonta ba ta yi. Maƙwabciyarmu Tumba takan leƙo ta kan danga.

"Yau ma an yanka maza?"

"An yanka," Inna ta ce. "Ai waɗanga sun fi na garin ga amfani, ko ba komi sun shiga miya."

Sai mu yi dariya, ciki na ƙugi.

Amma matan sunka ƙi zama. Mace za ta buɗe da safe, ta rufe da hantsi, mu sa rai. Kafin a jima ɗan ƙullin ya yi ruwan ɗorawa, ya yanƙwane, a tsince shi a ƙasa. Wata ta buɗe, ita ma haka. Inna ta ce yatsa ne, wani ke nuna su. Ta sa na kafa sanda na kifa baƙar tukunya a bisa, na ɗaura tsohuwar tsintsiya, don ido ya sauka can. Ta hana Tumba leƙowa, baiwar Allah ta yi fushi ta daina gaishe mu. Duk da haka sunka ci gaba da zubewa, wata kuwa yana ta cika. Daga nan Inna ta ce in daina zuwa rijiya da asuba, in zauna gadi daga sallah har furen ya rufe, kada ko kaza ta dube shi.

Gadin nan shi ya kai ni inda gilashin Hauwa'u ke kai ta. Na zauna gindin rumbu, jiri na ɗibata, na jingina kaina da bango, sai ga wata mace ta buɗe dab da fuskata, tsakaninmu bai wuce taƙi ba. Yunwa na sa ido ya tsaya wuri ɗaya. Da farko duhu-duhu ne, furen toka-toka. Da gabas ta yi ja sai launinsa ya dawo a hankali. Da rana ta leƙo ta bayansa sai ya kama kamar fitilar ƙwai, na ga jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na ga 'yan gashin da ke jikinsa, kowane da ɗan haskensa a kai. Can ciki akwai wani abu mai kawuna a dunƙule, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Shekara nawa ina cin kabewa, ban taɓa sanin haka cikinta yake ba.

Sai ga kudan zuma, guda, ramamme kamar mu. Bai zo wurin macen ba tukuna. Wurin guntayen da na tsinke mazan ya nufa, ya sauka kan wannan, ya tashi, ya sauka kan wancan, yana zagaye kamar baƙon da ya zo ya tarar an tashi. Da ya gaji ya shiga macen, ya fito jikinsa fes, ya haye danga ya tafi.

Fes ɗin nan ya tsaya mani a rai. A lambun babanmu na bakin gulbi, kudan zuma ba ya fitowa daga furen kabewa haka. Buɗu-buɗu yake fitowa, kamar wanda ya faɗa ƙwaryar garin ɗorawa. To ina garin yake? Na dubi hannuna. Ga shi nan a gefen akaifata, ragowar na mazan da na tsaga jiya.

Ban yi karatu ba, amma na yi aure.

Da yamma da na zo tsinka, na bar waɗansu a bayan rumbu ƙarƙashin manyan ganye. Abin da ya shiga tukunya bai rufe gindinta ba. Marka ta lashe, ta miƙo ƙoƙo, babu ƙari, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Ina jin ta daga ɗakina, ba damar in je. Da safe Inna ta dogara sanda ta zagayo, ta tarar da su sun buɗe, suna ta ƙawa.

"Mi nike gani can?"

"Fure ne, Inna."

"Na san ba akuya ba ce. Namiji ne. Mi shikai bisa rumbu, yarinya na kwana da kuka?"

"Aiki na bar shi shi yi."

"Wane aiki namiji ya taɓa yi da sassafe?"

Na gaya mata abin da na gani, kudan zuman da garin da hannuna. Ta saurara har na gama, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, kunyar ɗiyar fari ce ta kai ki ga hana ta abinci, ko rashin imani ne? Ƙwaro kinka bar wa rabon jikata?"

Abin da ke cikina ba mai faɗuwa ba ne gaban uwar miji. A lokacinmu ko kallon ɗan fari ba a yi da ido biyu in da mutane. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, in munka ci su yau, mun ci na yau. In wata ya mutu fa?"

Ta ɗaga sandar kamar za ta kaɗo su. Ta tsaya haka. Sannan ta sauke.

"To nawa rabon a ba ta. In kuma sunka zube, ke da Allah."

Daga ranar Inna ta koma shan ruwan tafasa kawai, kunu mai ɗan kauri ta ɗura wa Marka. Ina kallon wuyanta yana zama igiya. Ni ma in ta juya baya sai in rage nawa in zuba a ƙoƙon yarinyar da sauri. Na san tana gani, don duk lokacin sai ta tsiri gyaran ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

Washegari wata mace ta buɗe, mazan na buɗe, amma kudan zuma bai zo ba. Na jira, rana na hawa, bakin furen ya fara laushi. Na ce ba zan zauna wani ƙwaro ya kashe mani uwar miji ba. Na tsinko namiji guda, na yaye masa riga har ya rage turken nan mai gari, na sa shi cikin macen a hankali na goga, na juya na sake gogawa, har na ga garin ya manne a kan abin nan mai ƙyalli. Rigar da na yaye kuwa na kai ta tukunya, ashe ba ta da hannu cikin aikin.

Inna na ƙofar ɗaki tana kallo. "An ɗaura?"

"An ɗaura, Inna."

"Ba waliyyi, ba goro. Kin zama liman ke nan."

Daga nan kowace safiya sai na jira haske ya isa in ga cikin furen sosai, in ɗaura na ranar, sauran mazan in kwashe su bayan sun buɗe. Rabon Marka ya dawo. Saura jira. Macen farko ta rufe, ta bushe, furen ya faɗi. Ɗan ƙullin nake satar kallo da gefen ido in na zo zuba ruwa, ina tsoron in ga ya sake launi. Bai sake ba. Ya tsaya kore, ya yi sheƙi. Daga ƙwan zabo ya kai dunƙulen hannu, daga nan ya kai kan jariri, har yaɗon ya fara lanƙwasa na tokare shi da sakaina. Na bayansa ma sunka kama, wasu a ƙasa, wasu bisa jinkar rumbu.

Yanzu kabewa a bayan mashin ake kawo ta ranar kasuwa, a yanka maka yadda kake so. Samari sun tafi ramin zinare, gonar nesa ba kowa ke iya zuwa ba, furen kuwa ba mai ci, sai dai a durƙusa masa da waya. Na ce da Hauwa'u in dafa mata ta ɗanɗana, ta ce ita ba za ta ci abin da ta ɗauka hoto ba, sun saba.

A waccan shekarar dai, Malam ya dawo lokacin da wata ya zama kamar yankan akaifa. Da igiyar ɗaurin kaya ya shigo a kafaɗa, bai ko zauna ba ya ce in fara haɗa tukwane.

"Kai," in ji Inna. "Zagaya bayan rumbu tukuna. Ka sa hannuwanka cikin riga."

Ya zagaya. Ya daɗe. Da ya fito ya zauna bisa turmi ya ce in ba shi ruwa, ya sha, ya riƙe ƙoƙon.

"Wagga ba ta kai mu kaka."

"Wa ya ce kaka? Dawa za ta kai mu. Kai dai ka riƙa kawo ɗan abin da kake kawowa."

Ya dubi uwarsa, ya ga yadda ta koma. Ya dube ni. Ban ɗaga kai ba. Ya tashi ya rataye igiyar a maratayinta, ya ce wa zai ba shi wuƙa.

Ɗanya munka fara ci, ba mu jira ta nuna ba, dafaffiya da gishiri, wata rana fate da ɗan tsakin da ya kawo. Yankan farko Inna ta ce a miƙa wa Tumba ta kan danga, shi ne ban haƙurinta, don bakinta bai iya ba. Ruwa ya dawo a makare, bai ceci gero ba amma ya ceci dawar kwari. Ranar da turmi ya sake ƙara a gidanmu, ni da Tumba munka yi luguden da sai da mutane sunka leƙo.

Inna ba ta taɓa ce mani na yi daidai ba. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa baƙar tukunyarta ta ce ita ta kori ido. Na bar mata, girma nata ne. Ta ƙara damina bayan damina, ta ga Marka ta fara ɗaukar tulu. A ɗakinta ta cika, wata bazara da hantsi, ɗanta na riƙe da ƙafafunta, kanta bisa cinyata. Maganarta ta ƙarshe da ni, kafin kalmar shahada, faɗa ce, wai jiya na cika gishiri a miya.

Kuma ban cika ba.